Curin Man Kwakwa a Hanyar Tsauni

A shekarun nan da Faransawa ba su kai ga naɗe tabarmarsu ba, duk macen da ta isa mace a Matamaye ta san cinyar Rabi'atu mai kitso, don a kanta take kwantar da kai duk bayan sati uku. Matan 'yan kasuwar gyaɗa a nan suke zama. Har wata matar malamin lakwal, wato makarantar boko, da ta zo daga Damagaram tana yatsina, da ta ga doka ɗaya da Rabi'atu ta ɗaura wa wata, sai ta ajiye girman kai ta nemi tabarma. Hannu ne Allah Ya ba ta, ga kuma baki, don in tana kitso ba ta shiru, sai an tashi ana riƙe ciki saboda dariya.

Kai ɗaya ne bai taɓa hawa cinyarta ba, kuma shi ta fi so duk duniya. Kan Gwaggo Shekara ne ta Tsauni, yayar ubanta, wadda ta riƙe ta tun tana 'yar shekara shida, ta koya mata riƙon kibiya da tsaga da kamun gashi. Shekara ashirin da biyu ke nan da aka kawo Rabi'atu aure Matamaye, kuma duk wata sai ta taka har Tsauni gaisuwa. In ta je sai ta kama wata a gidan ta yi mata kitso, ta turo kan gaban Gwaggo. Tsohuwa ta shafa, ta taɓe baki, ta ce, “Tsagar nan ta karkace,” ko kuma, “Kin ja ƙeya da yawa.” Ko da wasa ba ta taɓa cewa kin iya ba. Kanta kuwa wata maƙwabciya take miƙa wa, wadda ko igiyar akuya ba ta iya tufkawa. Abin nan yana cin ran Rabi'atu, ba ta dai gaya wa kowa.

To, ran wata kasuwa cikin ɗari, ana tsakiyar cinikin gyaɗa, sai ga Garba mai tukwane na Tsauni ya yi sallama a ƙofar gida da saƙo. Ya ce Gwaggo Shekara ta yi tattaɓa-kunne, suna ranar Litinin, ta ce Rabi ta zo ran Lahadi ta yi mata kitso.

“Ta yi wa wa kitso?” in ji Rabi'atu daga bayan zana.

“Ita Gwaggon.”

“Malam Garba, sake faɗi, kunnen nan nawa ba ya ji sosai.”

Sai da ta sa bawan Allah ya maimaita sau uku. Yana tafiya ta koma tsakar gida ta yi juyi biyu da mataji a hannu, ta rungume wadda take wa kitso, ta manta ta bar mata rabin kai a tsefe.

Alheri kuma in zai zo ba ya zuwa shi kaɗai. A yammacin nan mijinta Muntaka, direban kamiyo, babbar motar kaya, mai kai gyaɗa Kano, ya dawo da ɗan gwangwani mai murfi a aljihun rigarsa. Ya ce man kwakwa ne, wata Bayarabiya ce ta sayar masa a Sabon Gari, daga can bakin teku ake kawo shi, matan Ikko da shi suke gyara gashi da jiki.

Rabi'atu ta buɗe. Fari fat, a daskare kamar man kaɗe, amma ƙamshin ba irin wanda hancinta ya sani ba ne. Babu ƙarnin man shanu, babu warin hayaƙin nan na man kaɗe. Ta lakata ta shafa a bayan hannu inda ɗari ya sa fata ta yi furu-furu, nan take wurin ya yi baƙi sumul. Ta shafa a fason diddige. Ta warware silin gashi ɗaya a gefen kunne ta murza masa, ya kwanta luf. Nan ta yanke shawara: da wannan man za ta taɓa kan Gwaggo, in ya so tsohuwa ta nemo abin kushewa ta gani.

Muntaka ya ce, “Sai dai ki sani, lokacin da matar ta zuba mini shi da rana...”

“Maigida, kai man kamiyo ka sani. Wannan harkarmu ce.”

Ya ƙyale ta, don shekara ashirin da biyu sun koya masa inda ake tsayawa.

Da ta iya riƙe bakinta, da ba a yi labari ba. Amma wa ya isa ya ɗaure bakin Rabi'atu tana cikin murna? Washegari ta gaya wa mutum ɗaya tak, ta ce kada ta gaya wa kowa. Kafin azahar maƙwabciyarta Mariyama ta shigo da yatsa a miƙe, wai leɓenta ya tsage. Wata ta zo don kan jaririnta yana ɓamɓarewa, wata don gwiwar hannu, wata ma don gemun mijinta. A garin nan kuwa, maƙwabciya ta roƙe ka lakata ɗaya ka hana, ai ka bar abin faɗi har jikoki. Rabi'atu tana dariya tana miƙa gwangwani, ba da son ranta ba. Kafin magariba an ci rabi.

Sai ta yi dabara, kuma har ga Allah ta ji daɗin dabarar. Da asubar Lahadi, sanyi yana cizon yatsu, ta kwashe sauran man kaf, ta cura shi dunƙule ɗaya kamar yadda ake cura man kaɗe, ta naɗe a ganyen kalgo. Curin man kaɗe ai yini yake a kan faifai a kasuwa bai ce uffan ba, to wannan ɗan'uwansa ne. Ta ɗora shi a tsakar kanta, ta kawo sabon kallabinta mai baƙin rini ta ɗaure tamau, ta yafa mayafi. Gwangwanin kuwa ta riƙe shi a hannu, wayam.

Muntaka ya dawo daga masallaci ya ga gwangwani babu komai. “Ina man?”

Ta ɗan buga kanta da yatsa tana ƙyafta ido.

“Rabi, man nan fa ba ya...”

“Sai na dawo, Maigida. A yi mini addu'a.”

A ƙofar gida ta yi kiciɓis da Mariyama, yatsa a miƙe tun da sassafe. Rabi'atu ta buɗe murfi ta nuna mata, ta langaɓe kai. “Kun cinye shi, 'yar'uwa.” A bakin rijiya mata uku suka tare ta, su ma ta nuna musu, suka yi mata jaje. Tana fita gari ta toshe baki da mayafi ta yi dariya har da hawaye. Tafiya take kamar ba ta taka ƙasa, tana ta tsara abin da Gwaggo za ta ce, tana ba kanta amsa da muryar Gwaggon.

Ba ta yi nisa ba ta cim ma Baba Isufu mai jakuna, dattijo maƙwabcin Gwaggo, shi da abokan tafiyarsa biyu. Sun kai gyaɗa awo jiya, suna komawa Tsauni da buhuna babu komai. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce madalla, sai su tafi tare, mace ita kaɗai a hanya ba daɗi. Suka miƙa, yana ba ta labarin damina, tana ba shi labarin Kano da ba ta taɓa zuwa ba.

Hantsi ya ɗaga, sanyi ya saki. Rabi'atu ta ji wani abu yana tafiya a bayan kunnenta. Ta ce ƙuda ne, ta kaɗa mayafi. Abin ya gangara wuya. Ta ce gumi ne, ko da yake gumi a watan ɗari abin tambaya ne. Can sai ɗigo ɗaya ya biyo goshi, ya bi karan hanci, ya tsaya a kan leɓe. Ta lasa. Gumi dai gishiri gare shi, wannan kuwa garɗi ne da shi.

Sai a lokacin maganar Muntaka ta dawo mata: lokacin da matar ta zuba mini shi. Zuba. Ai abin da yake ruwa ake zubawa.

Abin yi a fili yake, a kwance kallabi a mayar da curi cikin gwangwani. Amma matar aure ta buɗe kai a kan hanya gaban dattawa uku? Ko haukacewa ta yi ba za ta fara ba. Balle ma kan nata. Mai kitso ba ta da mai yi mata, wata biyu ke nan gashinta yana tsefe a cukurkuɗe, ta danne shi da kallabi ba wanda ya sani. Ta duba gabas ta duba yamma ko da wurin fakewa. An girbe gonaki, an kwashe kara, fili fetal, ga kuma ayarin jakuna gaba da baya.

Baba Isufu ya ɗaga hanci ya shaƙa. “Wai wa ke suya a dajin nan?”

“Ban ji komai ba, Baba.”

“Ni dai na ji, kuma mai daɗi.” Ya juyo ya dube ta, ya ja birki da sandarsa. “Subhanalla, 'yar nan, zazzaɓi kike? Dubi yadda kike jiƙewa.”

“Lafiyata ƙalau, jinina ne mai zafi.”

“Hau jaki.”

“Na gode, Baba, ƙafata ta fi sauri.”

Ta ƙara sauri kuwa, kuma saurin ya ƙara wa kan zafi. Man ya buɗe hanya uku, ɗaya ta goshi, biyu ta kunnuwa. Rinin sabon kallabi ya ga abokin tafiya ya biyo shi, sai ga layuka shuɗaye a kumatunta. Ta tara gwangwani a ƙarƙashin haɓa kamar mai riƙe da shi kawai, ɗigo yana faɗawa ɗis, ɗis, tana ta surutu da ƙarfi don kada a ji. Wata jaka mai farin baki ta biyo ta tana sunsunar kafaɗa, a kore ta ta dawo. Abokan tafiyar Baba Isufu suka maida ido ƙasa don kunya, amma kafaɗunsu suna rawa.

Sai gab da Tsauni ta hango tarin kara a gefen wata gona. Ta ce za ta ɗan zagaya, ta faɗa bayansa da gudu, ta fisge kallabi. Ganyen kalgo ne kawai a kanta, a jiƙe, yana ƙyalli. Ta matse ganye, ta matse kallabi, ta leƙa gwangwani. Abin da ta tara bai cika cokali ba, kuma shuɗi ne.

Ta zauna a ƙasa. Dariya ta zo mata, kuka ya zo, ta rasa wanda za ta fara. Shekara ashirin da biyu tana jiran yau, ga ta za ta shiga gaban Gwaggo da gwangwani wayam da fuska kamar an tsamo ta daga marina. Ta yi tunanin juyawa gida. Amma saƙo sau ɗaya aka aiko, kuma ta san Gwaggo ba ta aike sau biyu. Ta mayar da kallabi ta miƙe.

Gidan Gwaggo ya cika da mata, ana ta dakan suna. Tana yin sallama taɓare suka tsaya a sama. Sai wata ta ce, “Maraba da amaryar marina,” gida ya kece da dariya.

Gwaggo Shekara tana zaune a kan tabarma a bakin ɗakinta. Idonta ya yi rauni bana, sai dai ta ga mutum kamar inuwa, amma hanci da kunne suna nan daram. “Wace ce ta shigo mini da ƙamshi?”

Rabi'atu ta durƙusa gabanta ta gaishe ta, ta yi barka. Sannan ta zayyana komai, tun daga gwangwani har tarin kara, ba ta rage ko jakar ba. Daga ƙarshe ta ce, “Na so in zo miki da abin da ba ki taɓa gani ba, Gwaggo. Na zo hannu rabbana.”

“Cire kallabin.”

“Gwaggo, mutane...”

“Duk mata ne. Cire.”

Ta cire. Matan da suka sha jin labarin dokar Rabi'atu suka ga kan mai doka, aka sake kwashewa. Tsohuwa ta miƙa hannu biyu ta cusa yatsu cikin gashin, ta damƙa, ta saki, ta kai tafin hannu hanci. Sai kafaɗunta suka fara girgiza. Gwaggo Shekara, wadda rabon da a ga haƙorinta tun sunan uban wannan jaririn, ta yi dariya har ta sarƙe, sai da aka kawo mata ruwa.

“Ke dai ba ki da wayo tun kina yarinya,” in ji ta tana share ido. “Wa ya ce miki man ya ɓace? Ga shi nan duka. Wannan dajin da kika bari a ka ya shanye shi kamar soso. Gyara zama. In kina son mai, ki kai hannu bisa.”

Ta kwance nata ɗankwalin da kanta, ta kwantar da kai a cinyar Rabi'atu.

Kan ba shi da nauyi ko kaɗan, abin da ya fara ba ta tausayi ke nan. Gashin fari ne tas, ya yi ƙaranci, ya bushe har yana karyewa a baki, ga amosani a tsaga inda maƙwabciya ta yi ta ja ba mai. Rabi'atu ta kai hannu kanta, ta damƙo, tafin ya fito yana sheƙi. Ta murza a fatar kan a hankali, daga goshi zuwa ƙeya, ta bi bayan kunnuwa, ta jira ya shiga. Da ta sa mataji sai ya wuce sumul, ko sili ɗaya bai biyo shi ba. Tsohuwa ta saki ajiyar zuciya ta lumshe ido.

Ta ɗauki kibiya ta yi tsagar farko. Doka za ta ɗaura, irin ta da, mai tudu a tsakiya da ƙananan kitso a gefe, wadda Gwaggo ta yi suna da ita a zamaninta. Duk kamu ɗaya sai ta kai hannu bisa ta shafo, matan gida suna yi mata kirari, wai kaskon mai mai ƙafa biyu. Ba a jima ba wata ta matso ta baya ta ce, “Yaya Rabi, diddigena,” ta shafi ƙeyarta ta wuce. Wata ta zo da jaririn sunan, aka shafo masa a goshi. Yatsun da ta gudo wa a Matamaye sun same ta a Tsauni, kuma yanzu ba ta da murfin rufewa. Ko ta kansu ba ta bi ba. Ranar ce kaɗai aka taɓa ganin Rabi'atu ta yi kitso tun daga farko har ƙarshe ba ta ce kanzil ba.

Bayan la'asar ta ɗaure silin ƙarshe, ta shafe sauran man hannunta a goshin tsohuwa da wuyanta da busassun yatsun nan. Ta ce, “Na gama, Gwaggo.”

Gwaggo ta tashi zaune. Ta ɗaga hannu ta fara bi da yatsa, tsaga bayan tsaga, kamar yadda ta saba yi wa kan wasu. Ta bi tudun, ta gangara gefe, ta tsaya a ƙeya ta daɗe. Masu daka suka ajiye taɓare. Rabi'atu ta zuba mata ido.

“Tsagar nan,” in ji Gwaggo, ta sake bin ta da yatsa. “Ko ni da ƙuruciyata ban taɓa fitar da irinta ba.”

Rabi'atu ta ajiye kibiya. Sannan ta ce, “Yau na iya ke nan?”

“Wane yau? Tun shekarar da aka kai ki Matamaye kika wuce ni.”

“To me ya hana ki faɗa, Gwaggo? Shekara ashirin da biyu.”

Tsohuwa ta juya fuska gefe tana gyara bakin zane. “Da na faɗa, me zai riƙa kawo ki Tsauni duk wata? Kina da miji, kina da gari, kina da mata a ƙofa. Ni ke kaɗai na riƙa.” Ta ja hanci. “Bana na ji jikina, na ce kada in tafi da maganar mutane a baki. To na faɗa. Sai ki yi yadda kika ga dama.”

Hawaye suka zubo wa Rabi'atu suka bi ta kan shuɗin kumatu, dariya kuma ta ƙi tsayawa. Daɗi ta ji da haushi da tausayi, duk a lokaci ɗaya. Ta kama hannun tsohuwa ta riƙe gam.

“Wallahi Gwaggo ke ma ba ki da wayo. Kitson nan sati uku zai yi ya tsufa. Wa zai tsefe miki? Kin ja wa kanki, da duk wata nake zuwa, yanzu sai duk sati uku.”

Gwaggo ba ta juyo ba, amma ba ta janye hannun ba. Can ta laluba tabarma da ɗaya hannun, ta ɗauko gwangwanin ta cusa mata a cinya.

“In za ki zo, ki ce wa mijin naki ya ƙaro man,” in ji ta. “Kuma ki bar shi a cikin nan.”